Baƙin da Ba Sa Amsa Sallama

Abin da zan rubuta a nan daga wurare huɗu na tattaro shi, kuma ya kamata mai karatu ya san ƙarfin kowanne kafin ya gaskata ni. Na farko tsohuwar wayata ce, wadda har yau take riƙe da saƙon da yayata ta aiko mini da amsar da na mayar mata. Na biyu ɗan littafin asibiti na mahaifina, wanda muke kira karne. Na uku abin da Inna da yayata suka gaya mini bayan mai aukuwa ta auku. Na huɗu tunanina, kuma shi ne mafi rauni, domin na juya waɗannan kwanaki a kaina har na kasa rabe abin da na gani da abin da na ƙara daga baya.

Kwanan wata ba zan iya bayarwa ba. Wayar irin wadda take mance rana ce in an cire mata batir, don haka ranar da ke kan saƙon ƙarya ce. Karnen kuma ruwa ya taɓa shafinsa biyu. Abin da na tabbata shi ne saƙon ya zo lokacin cirar albasa, a shekarata ta ƙarshe a jami'a, can kudu. Tsakanin saƙon da aikin ido Inna ta ce sati shida ne, yayata ta ce ya fi wata biyu. Ban iya raba musu gardama ba. Sunan cutar da ta kwantar da mahaifina kuwa babu wanda ya tabbatar mana da shi. Ilimin halittu na karanta, ni ba likita ba ne.

Mahaifina dillalin albasa ne kuma mai masaukin baƙi a Malanville, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Manoman Garou da na ƙauyukan bakin kogi su kawo buhuna. Masu saye su zo daga kudu, wasu su ƙetaro gada daga Gaya, su sauka a zaurenmu tun daga Alhamis har kasuwa ta watse. Aikinsa biyu ne: ya duba albasa ya faɗi ko za ta jure tafiya, kuma ya tsaya wa baƙonsa har ya bar gari lafiya. Gidanmu yana da doka guda wadda ta fi kowace: ba a barin baƙo a tsaye, kuma ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya zauna ya sha ruwa.

Tun da na shiga lakkol, wato makarantar boko, yake kirana Mushe, kalmar da muke kiran malamin boko da ita, aro daga Faransanci. Ya san sarai tana da wata ma'ana, ta dabbar da ta mutu ba yanka, kuma abin da ya sa yake jin daɗinta ke nan. In na zo hutu sai ya tura mini buhu da ƙafa a gaban baƙinsa, ya ce, "Mushe, an ce ka karanta cikin kwaɗo. To karanta muna cikin buhun ga." Su yi dariya, ni ma in yi.

Yanar ido ta riga ta kama idanunsa shekara biyu kafin wannan labari. Na hagu ya kusa rufewa, na dama yana dushewa. Da hannu da hanci yake duba albasa, kuma bai taɓa yarda a gaban kowa cewa idon ya ragu ba.

Da rana tsaka saƙon ya same ni, tsakanin darasi da darasi. Ga shi harafi da harafi, yadda yake a wayar, wadda ba ta da haruffa masu lanƙwasa:

"Baba shina ganin baki tun sati ukku. Inna ta ce kar a hwadi ma kowa. Mi za mu yi."

Kalmar da ke tsakiyar jimlar farko tana iya zama abu uku a rubuce. Baki, wanda ake ci da shi, na kawar nan take. Saura biyu: launi, da jam'in baƙo. A magana ba mai rikita su, domin ɗaya ana datse wasalinsa na farko, ɗaya ana ja a saukar da murya. A takarda kuwa, ko da an sa lanƙwasa, kamarsu ɗaya. Na karanta launi. Na fahimci cewa duniya ta fara yi wa mahaifina baƙi, idon dama ya bi na hagu. Jimla ta biyu ma ta zauna mini daidai, don dillalin da aka san ba ya gani wa zai ba shi buhunsa? Sai na amsa: "Na gane. Yanar ido ce. Aiki za a yi mishi, kar ku damu." Ko da ranar da wayar ta nuna ƙarya ce, tazarar da ke tsakanin saƙonnin biyu gaskiya ce. Minti biyu ne.

Mun yi magana a waya sau da yawa bayan haka. Ni in ce "matsalar nan ta ido," su ce "to." In tambayi jikin Baba, Inna ta ce da sauƙi. Ni na nemo asibitin da ake aikin ido, a wani gari da ke kan babbar hanya, kudu da mu. Na taso daga jami'a, Baba da yayata suka taso daga gida, muka haɗu a bakin ƙofa.

Abu biyu suka faru da safiyar nan waɗanda ban daina komawa kansu ba. Muna zaune a benci muna jiran layi, Baba ya taɓa gwiwata ya ce, "Mushe, tashi ka ba mutanen ga wuri, sun sha tahiya." Akwai mutane a tsaye can gaba, sai na tashi. Ba wanda ya zo ya zauna. Yanzu ina ganin kamar ba wajen layin yake kallo ba, bango yake kallo ta hagunsa, inda aka jingine bokiti da tsintsiya. Amma wannan yana cikin abubuwan da ban tabbata ko na ƙara su daga baya ba. Na ji ya yi sallama a hankali, sau biyu. Na ɗauka zikiri yake yi.

Na biyu, ma'aikacin jinya ya kira mu ya yi tambayoyi da Faransanci, yayata tana waje da kaya. Ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya. Sa'an nan ya tambayi ko yana da wata damuwa ta kai, ko rikicewa. Ainihin kalmominsa sun ɓace mini. Abin da bai ɓace ba shi ne ban juya na tambayi Baba ba, alhali yana kusa da ni har kafaɗarmu tana taɓa juna. Na ce babu. A karnen, a wannan layi, akwai haruffa uku na Faransanci masu nufin babu abin lura.

An yi aikin a idon dama, mai ɗan sauran gani, aka rufe shi da bandeji. Bayan la'asar yayata ta fita neman abinci. Baba ya tashi zaune a gado ya fara kiranta da ƙarfi, a kawo ruwa, a kawo tabarmi. "Ɗakin ga ya cika kuna zaune? Wanga dattijo tun ɗazu shina tsaye!" Ya zuro ƙafa zai sauka ya ba dattijon gadonsa, ya kai hannu yana jan bandejin don ya ga fuskokinsu da kyau. Na riƙe shi, ya ture ni da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ma'aikata biyu suka shigo, suna tsoron kada ɗinkin ya ɓaci. Ɗayansu ya tambaye ni ko ya taɓa yin haka. Na ce bai taɓa ba. Aka yi masa allurar kwantar da hankali. Ba na ɗora wa mutumin nan laifi; da abin da na gaya masa ya yi aiki.

Baba yana fara lumshewa yayata ta shigo da kwano a hannu. Ta dubi zanen gadon da ya zame, ta dubi bandejin da aka sake ɗaurewa, ta ce ba tare da wani mamaki ba, "Sun biyo shi har nan ke nan."

Na ce su wa.

"Baƙin mana."

Ta ja wasalin, ta saukar da murya, yadda kowane yaro a gidanmu yake faɗi. A wannan lokaci na ji kalmar da aka aiko mini. Na ja ta zuwa baranda na ce mata ai launi ta rubuta, na ciro wayar ina nuna mata, kamar wayar za ta goyi bayana.

Ta ce, "Kai Mushe, a gidan wa ka tashi? Wa ka taɓa ji ya ce shina ganin baƙi don idonshi ya dushe? Duhu muke cewa, ko hazo. Gidanmu in an ce baƙi, mi anka nuhi tun muna yara?"

Gaskiyarta ce. A Faransanci ne ake haɗa gani da wannan launi, kuma shekara biyar ina tunani a cikinsa. Da kunnen wani harshe na karanta Hausar yayata.

Na ce, "To da na ce miki ido ne, mi ya sa ba ki ce komi ba?"

Ta ce, "Kai ka yi karatu. Ka ce ka gane."

Washegari Baba bai farka da kyau ba. Wuyansa ya sandare, hannuwansa suna rawa, yawu yana zuba, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Kwana biyun da aka ce za mu yi suka zama goma sha ɗaya; wannan kam karnen ya tabbatar da shi. Idon kuwa ya yi kyau sarai. Da aka cire bandeji ya ƙirga yatsun likita daga nesa. A kwance muka kai shi gida, da ido mai gani.

A gida Inna ta ba ni labarin baƙin. Bayan la'asar suke zuwa, a ranakun da ba kasuwa, sa'ad da zaure yake wayam. Mutum uku ko huɗu, gajeru, da ƙurar hanya a jikinsu, kowa da ƙunshinsa a cinya, da huluna irin na da. Ba su yi masa barazana, ba su ce komi. Abin da ya fi damunsa shi ne ba sa amsa sallama. Yana ganin ko wani abu aka yi musu a gidansa suka yi fushi. Sai ya sa a kai ruwa, a dawo da kwanon a cike. Wani lokaci ya san abin da ake ciki. Ya taɓa ce wa Inna, "Na san ba kowa wurin. Amma ba ni iya cin tuwo suna kallo." Inna ta hana a faɗa don ta san kasuwa: ranar da aka ji dillali yana gaida bango, ranar masu albasa za su nemi wani zaure. Abin da ya sa yayata ta rubuta ke nan maimakon ta kira, don Baba yana kusa kuma gidan cike yake da kunnuwa. A ɓoye Inna ta karɓo rubutu daga wani malami a Guéné. Da na matsa da tambaya ta ƙara wasu abubuwan da ta ɗauka na tsufa ne: ya daɗe yana faɗa da naushi a cikin barci, tafiyarsa ta yi nauyi, wata rana hankalinsa garau wata rana kamar wanda bai gama farkawa ba.

Bayan wata huɗu, da na gama jarrabawa, na kai karnen wurin wata likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a kudu. Baba ba zai iya tafiyar ba. Tun farko ta ce ba za ta sa wa mutumin da ba ta gani ba sunan cuta. Amma ta juya wata takarda ta yi mini zane a bayanta, kuma takardar tana wurina.

Abin da na fahimta daga gare ta, da daga abin da na karanta bayan haka, shi ne wannan. Ido ba ya gani shi kaɗai. Saƙo yake aikawa zuwa bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Daga can saƙon ya gangara ta gefen kai, inda ake gane siffa, a ce wannan fuska ce, wannan buhu ne. Wannan sashe ba jira kawai yake yi ba, yana da ajiyar duk abin da mutum ya saba gani, kuma da ita yake cike giɓi in saƙon ya zo a gutsure. Akwai kuma wasu hanyoyin sadarwa da suka haɗa gaban ƙwaƙwalwa da samanta, masu riƙe da hankali, waɗanda suke sa mutum ya sake duba abu ya ce a'a, tsintsiya ce. Akwai wata hanyar da take aiki in mutum ya zauna shiru yana tuna baya. In saƙon ido ya ragu, ko masu sake dubawa suka yi rauni, ko ta tuna baya ta rinjayi sauran, sai abin da yake ciki ya fito a gaban mutum kamar daga waje ya zo. Wace ce take fara lalacewa, kuma ko tsarin ɗaya ne ga kowane mai ciwo, iyakar karatuna masana ba su daidaita ba.

Likitar ta ce hanya biyu take gani a kan mahaifina. Ta farko, idon ne kawai: ƙwaƙwalwa lafiyarta lau, yunwar haske ce ta sa take fito da ajiyarta. Irin waɗannan mutane sukan san abin da suke gani ba gaskiya ba ne, kuma gyaran ido yakan rage musu. In haka ne, amsar da na ba yayata daidai ce, ko da bisa kuskure na faɗe ta. Ta biyu, wata cuta ce ta tsufa da take cin waɗannan hanyoyin sadarwa, tana tafe da faɗa cikin barci da nauyin jiki da hankali mai zuwa yana komawa. Masu wannan cuta, in ji ta, irin allurar da aka rubuta a karnen tana iya yi musu mummunar illa. Abin da Inna ta faɗa da abin da ya biyo bayan allurar sun fi karkata can. Tabbatarwa kuwa sai an duba shi, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da babu ita kusa da mu, kuma ko an yi ba lallai shakka ta ƙare ba.

Na tambaye ta kai tsaye: da na gaya musu yana ganin mutane, da me zai faru? Ta ce wataƙila da sun shirya, sun bar wani a kusa da shi, sun nemi wani magani. Wataƙila kuma ba su da wani a kabad ɗinsu. Ta ce in cutar ta biyu ce, tana tafiyarta ko da allura ko babu, sai dai ba a san saurinta ba. Na sake tambaya ta wata fuska. Ta ce ba za ta gaya mini abin da ba ta sani ba don in ji sanyi, kuma ba za ta gaya mini shi don in ji zafi ba.

Da na koma gida na yi ƙoƙarin bayyana wa Inna. Na ce ta ɗauka ido gada ce, kaya suna shigowa ta kanta, kuma akwai duwan, wato 'yan kwastan, da ke tantance abin da ya ƙetaro da abin da yake cikin gari tun da. In kaya suka daina ƙetarowa, ko duwan suka yi barci, sai tsohon kayan sito ya fito kasuwa a matsayin sabon zuwa. Wannan misali nawa ne, ba na likita ba, kuma na san yana ɗingishi. Inna ta saurara har na gama, tana tsince shinkafa. Ta ce, "Ashe nashi ne. Tsoffin baƙinshi ne sunka komo." Sa'an nan ta ce, "To don mi ba su amsa mishi?" Ban sami wannan a cikin abin da na karanta ba.

Akwai gwaji guda da zai iya raba hanyoyin nan biyu, ko ya kusa. In idon ne, tun da ya warke ya kamata baƙin su ragu ko su tafi. In sun ci gaba da zuwa, to ƙwaƙwalwa ce. Amma mutumin da zai ba da amsa maganarsa ta ƙanƙance. Bayan sati biyu da dawowa ya iya zama, daga baya ya iya taku kaɗan in mutum biyu sun riƙe shi. Kasuwa bai sake zuwa ba. Masu albasa suka yi ta zuwa gaisuwa, sa'an nan ɗaya bayan ɗaya suka koma wasu zauruka, ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Ranar Juma'a ma, da kasuwa ke ci, zaurenmu ya zama wayam kamar na Talata.

A can muke zaunar da shi bayan la'asar, don nan yake so. Inna ba ta daina ajiye kwanon ruwa a bakin tabarma ba, ko da yake bai sake nema ba. Wata rana na ga ya janye ƙafarsa a hankali zuwa gefe, yadda mutum yake yi in zai ba wani wuri. Ƙafar kuma takan motsa da kanta a lokacin, don haka ban rubuta wannan a matsayin shaida ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye shi.

"Baba, suna nan?"

Ya daɗe yana kallon kusurwar da ake jingine tabarmi. Sa'an nan ya juyo da idon nan da na sa aka gyara, ya ce da muryar da sai an kasa kunne, "Mushe, kai ka ga wani?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To."

Ban san ko yana nufin babu kowa ba ne, ko yana nufin ba amfanin gaya wa wanda ba ya gani. Ban sake tambaya ba, kuma wannan ma kuskure ne da nake lissafawa a kaina. Ya rasu shekara guda da 'yan watanni bayan aikin, kafin albasa ta shigo kasuwa karo na biyu, bayan haɗiyar abinci ta gagare shi.

Yayata ba ta taɓa sake tayar da maganar baranda ba. Ta daina kirana Mushe, kuma na fi son da ta ci gaba. Inna ta ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da haka yadda ya wajaba in yarda. Amma kwana bai hana a tambayi sanadi ba, kuma ni aka aiko wa saƙon don ni ne mai karatun gidan. Na jera abin da na sani da abin da ban sani ba iyakar iyawata, kuma bayan duk wannan tambayar tana nan inda take: da na ja wasalin nan guda lokacin da na karanta saƙon yayata, da mahaifina ya fito daga asibitin nan da ƙafafunsa?